Yadda ake tsara fim mai dogon zango na sarauta da iskoki, inda neman mulki ke gwada zumunci

Labarin sarki da ƴaƴansa kasuwarsa ba ta faɗuwa. A fadojin shayi na Bukoki da Lazare za ka tarar da samari sun haɗa kai kan waya ɗaya suna kallo, na Turkiyya ne, ko na Indiya da aka fassara, ko na Kano, kowa na musun wa zai gaji karaga. Shi ya sa ƙungiyoyin wasa da dama a Yamai da Tawa ke son gwada nasu. Sai dai yawancin rubutun da ake yi hanya ɗaya yake bi. Sarki ya mutu a kashi na farko, mugun ƙane ya ruga wurin boka, boka ya ƙyalƙyale da dariya, wuta ta fito daga tafin hannu. Kafin kashi na uku mai kallo ya san ƙarshe, ya koma kallon ƙwallo. An raba ƴan'uwa tun ba a nuna mana cewa ƴan'uwa ba ne, don haka rabuwar ba ta taɓa kowa. Ga yadda za ka bi.

Fara da zanen gida

Kafin ka rubuta layi ɗaya na magana, sami babban kwali ka zana gidan sarkin. Sarki a sama, matansa a ƙasa, kowace da ƴaƴanta, domin a gidan sarauta da ɗaki ake lissafi. Ka ware ƴan ɗaki ɗaya da ƴan uba. Ka sa ƙwarƙwara idan zamanin labarin ya yarda. Sannan ka ɗauki bik mai wani launi ka ja layukan da ba na haihuwa ba: wa ta shayar da wa, wa aka bai wa riƙon wa, wa ya auri ƴar wa, wa ya taɓa ceton ran wa a daji. Waɗannan layukan su ne za su tsinke a gaban mai kallo, don haka ka yawaita su.

Kada ka manta da kawu da baffa, aikinsu ba ɗaya ba ne. Kawu ba shi da gadon sarautar, saboda haka duk burinsa ya rataya ga ɗan ƴar'uwarsa, shi ne mai zuga. Baffa kuwa ɗan sarki ne shi ma, wataƙila shekara talatin yana jiran yayansa ya kau, ga shi yaran da aka yi sunansu a gabansa sun girma suna son sha masa gaba. Manyan ƴan wasa kada su wuce shida zuwa takwas. Fiye da haka, mai kallo a ƙaramar waya zai rikice, kai ma kuɗin abinci a wurin ɗauka zai kayar da kai.

Misalin da zan riƙa komawa gare shi: sarki ya tsufa, idonsa na mutuwa. Yarima ɗan uwargida ne, mai haƙuri, mutane na son sa, amma ba ya iya yanke hukunci. Ciroma ɗan ƙwarƙwara ne, uwarsa ta rasu yana jinjiri, uwargida ta goya shi tare da nata. Suna da ƙanwa guda. Akwai Ɗan Galadima, ƙanen sarki.

Kafa dokar gado, ka sanar da mai kallo da wuri

A ƙasar Hausa sarauta ba ta faɗa wa ɗan fari kai tsaye. Duk ɗan sarki na iya nema, masu zaɓen sarki ne ke tantancewa. A sarautar Katsinar Maraɗi akwai Ƙaura da Galadima da Yandaka da Durɓi. A Gobir akwai majalisar Tara. Ga kuma mata masu sarauta da faɗa a ji, Iya a Maraɗi, Inna a Gobir. A Nijar ta yau, hakiman garuruwa ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi sarkin kanto daga cikin masu gado. Kowane tsari da irin rikicin da yake haifarwa. Inda mutum huɗu ke zaɓe, labarinka na toshi ne da auren siyasa da barazana, kuma kowane mai zaɓe yana da farashinsa.

Mai son ɓangaren iskoki ya leƙa Arewa. A Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, idan Sarauniya ta rasu ana yin tarkama: a ɗauki gawar, a tara matan da ke da gado, kuma bisa imanin mutanen wurin gawar ce ke jan masu ɗauke da ita har ta nuna magajiya. Dubi abin da marubuci zai samu a nan. Me zai faru idan an sayi ɗaya daga cikin masu ɗaukar makara? Me zai faru idan an saye shi, amma makarar ta ƙi juyawa? Ba cewa na yi ka kwafi al'adar mutane ka sa a fim ba, ka ƙirƙiro taka mai kama da ita.

Duk dokar da ka zaɓa, a ji ta daga bakin wani kafin ƙarshen kashi na biyu, kuma kada ka sauya ta a tsakiya don ka fita daga wani lungu da ka shiga.

Je ka ga abin da ya taɓa faruwa

Tarihinmu ya riga ya yi maka rabin aikin. Askiya Muhammadu ya hau mulkin Songhai a 1493. Da ya tsufa ya makance, wani amininsa a fada, Ali Fulan, ya daɗe yana ɓoye makantar. A 1528 ɗansa Musa ya tuɓe shi, ya shiga kashe ƴan'uwansa, su kuma suka gama da shi a 1531. Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya ci Adar da yaƙi a ƙarni na 17, ya yi sarautar Agadas, ɗan'uwansa ya tuɓe shi a 1721, ya dawo Adar ya kafa gidan da zuriyarsa ke riƙe da shi a Illela. A Damagaram, Ibrahim da Tanimun, ƴaƴan Sarki Sulaiman, sun yi ta karɓe sarauta daga hannun juna kafin ta zauna wa Tanimun har rasuwarsa a 1884. A Kano, naɗin Tukur a 1893 ya jawo basasa tsakaninsa da Yusufawa, mutanen Yusufu, alhali mahaifin Tukur da na Yusufu wa da ƙane ne, ƴaƴan Ibrahim Dabo, ba ta lafa ba sai da aka kashe Tukur a 1895.

Na Damagaram ya fi ba ni sha'awa, domin wanda ya ture ɗan'uwansa shi ne kuma ake tunawa da ganuwar Zinder da ƙarfin daular. Irin wannan ne ke hana mai kallo saurin yanke hukunci. A Yamai kana iya neman ƙarin bayani a ɗakin karatu na cibiyar bincike ta IRSH ko a cibiyar CELHTO, inda aka tara tarihin baka. A Tawa, ka zauna da tsofaffin maroƙa da makaɗan fada, ka kai musu goro. Ka ɗauki ƙirar rikicin, ka bar sunayen. Jikokin mutanen nan suna raye, wasu na kan karaga, kuma ba za su ɗauki abin a matsayin wasa ba. Ƙirƙiro sunan gari da na zuriya.

Ba mai kwaɗayin mulki gaskiyarsa

A nan rubutu ke tashi ko ya faɗi. Ɗauki takarda ka rubuta shafi guda da bakin Ciroma, kamar yana bayani a gaban alƙali, har sai kai kanka ka ji kusan ya rinjaye ka. Shi ya fita ya kori mahara shekarar fari, Yarima na gida. Shi sarki ya taɓa riƙe wa hannu da dare ya ce, "Kai ne bangon gidan nan," ba shaida ko ɗaya. Ya san masu zaɓe ba za su ba Yarima ba saboda sanyinsa, kuma idan Ɗan Galadima ya hau, daga shi har Yarima ba mai kwana a garin. Don haka ranar da ya fara nema, a ransa ceton gidan yake yi. Kwaɗayin na nan a ƙasa, shi ma bai gan shi ba tukuna. Aikinka shi ne mai kallo ya riga shi gani.

Haka za ka yi wa mai riƙon amana, ka ba shi aibinsa. Yarima na son ƙanensa, amma bai taɓa hana fadawa kiransa ɗan baiwa a bayan ido ba. Ya ji, ya yi shiru, don ba ya son rigima. Wannan shirun Ciroma na riƙe da shi shekara ashirin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka kada ka ɗora wa munafukin bafade dukan laifi. Bafaden da ya iya aikinsa ba ya ƙirƙiro ƙarya, gaskiya yake kaiwa a lokacin da za ta fi yin ɓarna.

Sa wa tsafi farashi, kuma dangi su biya

Tsafin da ke warware matsala kyauta yana kashe labari. Idan Ciroma na da layar zana ya ɓace duk sanda ya so, me ya rage a ji tsoro? Rubuta dokokin tsafinka a shafi ɗaya ka manna a bango: me yake iya yi, me ba ya iyawa, wa ke biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma tunda batunka zumunci ne, biyan ya fito daga cikin gida.

Ga yadda zan yi da misalinmu. Akwai tsohuwar rijiya a bayan fada, da aljanar da kakanni suka yi alkawari da ita. Tana ba Ciroma nasara a duk abin da ya roƙa, da sharaɗi guda: wanda ya sa hannu a akushi ɗaya da shi na ƙarshe, shi zai ɗauki nauyin. Wanda abin ya fara faɗa wa zaginsa ne, mai riƙe masa doki, ya wayi gari hannu ya shanye. Ciroma ya gane. Sai ya daina cin abinci da Yarima, ya daina karɓar furar uwargida idan ta ce su sha tare. Yana kare su ne, amma gida duka na cewa girman kai ya kama shi tun bai hau ba, kuma ba shi da bakin bayani. Sannan wata rana, can wajen kashi na bakwai, ya aika a kira baffansa cin tuwon dare. Ba sai kowa ya ce komai ba. Mai kallo na ganin an ajiye akushi tsakaninsu, an kawo ruwan wanke hannu, gabansa zai faɗi. Daga ranar kuma duk gayyatar cin abinci a fim ɗinka ta zama abin tsoro, har ranar da Yarima da kansa zai zo ya zauna ya ce, "Rabon da mu ci tare tun idon Baba na gani. Matso da akushin."

Iskokin ma ka ƙirƙiro naka. Kiran sunayen na bori a fim yana jawo maka magana ta fuska biyu, daga masu abin da kuma daga malamai. Ka kuma tanadi mutum guda a labarin, limami ko tsohuwa, mai faɗa wa Ciroma gaskiyar abin da ya shiga, ba tare da an mai da fitowar wa'azin minti goma ba.

Jera cin amanar daga ƙarami zuwa babba

A ce kashi goma sha biyu za ka yi, kowane minti ashirin da biyar. Uku na farko kada a ci amanar kowa. Na san da wuya, hannu na ƙaiƙayi, amma ka daure. Nuna su suna ci tare, suna tsokanar ƙanwarsu, suna rufa wa juna asiri a gaban sarki, suna haɗa kai su ɓoye wa gari makantarsa. Abin da ke riƙe mai kallo a wannan lokaci barazana ce daga waje, fari ko mahara, da kuma rijiyar da aka hana kowa zuwa.

Amanar farko ƙarama ce: saƙo ya zo wa Yarima, Ciroma ya jinkirta shi kwana ɗaya. Ta biyu ta taɓa bara ko aboki. Ta uku ta shigo ɗaki, ya ba da ƙanwarsu ga wani tsoho mai zaɓen sarki alhali ya san wanda take so, kuma shi ne ya taɓa yi mata alkawarin tsaya mata. Kowane mataki ka bar masa ƙofar komawa a buɗe, a ga ya tsaya a bakinta, sannan ya wuce. Idan ba zaɓi, ba gwaji.

Naɗin sarauta kada ka ajiye shi ƙarshe. Sa shi wajen kashi na takwas ko tara, domin abin da ya biyo bayan samun mulki ya fi neman sa daɗin kallo. Ga fitowar da ba ta cin ko dala, in ban da alkyabba da rawani. An naɗa Ciroma sarki, Yarima ya zo gaisuwa. A bakin zaure dogari ya ce, "Takalmi, Yarima." Ya dube shi, ya tuɓe. Ya shiga ya durƙusa gaban yaron da ya koya wa hawan doki, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki." Sarki ba ya amsawa da bakinsa, fadawa ne suka ɗauka, "Sarki ya gaishe ka, Yarima." Kamara na kan fuskar sarki, amawali ya rufe baki, ido kaɗai ake gani. Da fada ta watse, saura su biyu, sarki ya sauke amawali ya ce, "Yaya." Yarima bai ɗago ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai umarni?" Yanke a nan.

Uwargida ma ka yi aiki da kunyarta. Ba ta kiran sunan ɗan fari, "yaron nan" take cewa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alhali ɗan riƙo tana kiran sunansa tana jan kunnensa. Ka kiyaye wannan kashi goma cur. Ranar da ta shiga fada roƙon ran ɗanta wurin wanda ta goya, ranar za ta ambaci sunan a karo na farko. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya faru.

Gyaran magana

Ƴan sarki ba sa cewa "ina son mulki". Cewa suke "gidanmu ne", "kada abin ya fita hannu", "mutane ne suka matsa mini". Bi rubutunka ka soke duk inda mutum ya faɗi abin da ke ransa ɓaro-ɓaro, ka mai da shi habaici, ko kirari, ko aike. Maroƙi na iya yi maka aikin shafi uku da baiti ɗaya na zambo. Ka kuma daidaita harshe. Idan ƴan wasanka Adarawa ne, bar su su yi Adarci, ya fi daɗi a bakinsu fiye da kwaikwayon Kananci, amma ƴan ɗaki ɗaya kada a ji ɗaya da harshen Tawa ɗaya da na Damagaram. Kalmomin Faransanci da ke suɓuce mana kullum, a sa mutum guda ya zauna da kunne a kansu lokacin ɗauka.

Da ka gama, tara mutum biyar ko shida waɗanda ba ƴan ƙungiya ba, har da mace babba, ka karanta musu kashi huɗu na farko. Tambaya ɗaya za ka yi: wa ya kamata ya hau? Idan duk suka ba da amsa guda, koma ka ƙara wa ɗayan hujja. Idan musu ya kaure, ka kai rubutun BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa a Yamai, ka yi rajista kafin ka fara rarraba shi ta WhatsApp.

Wurin ɗauka da kaya

Nemi izinin hukuma da na mai gari kafin ka sauke kamara, kuma ka tambayi halin tsaro kafin fita wajen gari, ko da wurin ya yi maka kyau. Jihar Tawa na da abin da ake bukata: gidajen ƙasa, rumbuna, duwatsun Adar ta wajen Keita da Buza. A Yamai, dukawa da maƙeran gidan tarihi na Bubu Hama da na Wadata za su yi maka layu da kube da linzami. Dawaki aro ake yi, kuma mai doki ya zo da kansa, shi ya san halin dabbarsa.

Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa. Hasken na da laushi, ƙurar na ɓoye turakun lantarki na nesa, kuma ƴan wasa na jure alkyabba. A watan Afrilu da Mayu mutum cikin rawani da sulke ba ya kai azahar. Kafin kowace ɗauka a zaga a tsince ledojin da suka maƙale a ƙaya, a duba rufin kwano, da faifan sola, da agogo a hannun dogari, da shatin waya a aljihun Yarima.

Aljanar rijiya kada a nuna ta. Wutar kwamfuta mai arha dariya take jawowa, kuma dariya ɗaya ta isa ta rushe tsoron da ka gina kashi biyar. Sa kuɗin a makirfo mai kyau. Guga na sauka, igiya ta yi nauyi ba dalili, muryar mace ta fito daga ƙasa tana kiran Ciroma da sunan da uwarsa kaɗai ta sani. A naɗi muryar daban cikin ɗaki rufaffe, da dare, bayan babura sun rage.

Abu na ƙarshe, musamman ga ƴan Tawa: bayan girbi samari na tafiya cirani, wasu Abijan, wasu Libiya, kuma ba mai riƙe mutum da alkawarin baki idan mota ta tashi. Kada ka ɗauki fim ɗin bi da bi daga kashi na ɗaya. Tara duk fitowar da Yarima da Ciroma ke tare, har da ta ƙarshe, ka ɗauke su a makonnin farko. A rubuta yarjejeniya, jika nawa a yini, da ranar biya, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. A kuma ɗauki hoton kowane ɗan wasa cikin shigarsa, gaba da baya, don naɗin rawanin sarki na ranar Litinin ya zo daidai da na ranar Alhamis.